Gyaran Muryar Ustaz Salihu

A makarantar Hillar Maliki, wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi kusa da Abu Hujar, akwai yaron da aka shekara huɗu ana kiransa da gyaran murya. Kowace safiya Ustaz Salihu zai tsaya gaban aji yana jero sunaye, yara suna amsawa da "Hadir." In ya kira Sa'idu, kafin ya kai kan Ali, sai ya dakata, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki, ya ce, "Ehem." Daga can bencin baya wata murya ta ce, "Hadir." Sai a wuce wurin.

Sunan yaron Abdulmuttalib. Ɗan farin Ustaz Salihu ne, kuma sunan mahaifin Ustaz ɗin aka mayar masa, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Mutanen hillar jikokin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato ne. Sun yar da abubuwa da dama a hanya, tuwo ya koma asida, rabin maganarsu ta zama Larabci, amma kunyar ɗan fari kam sun iso da ita ko ƙwarzane babu. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya sakar masa fuska a gaban mutane. A gida wannan ba ya cutar da kowa, don akwai kakanni da baffanni masu cike gurbi. To, amma ba wanda ya taɓa tunanin yadda za a yi in uban ne malamin aji.

Kada a yi wa Ustaz Salihu ƙarya, malami ne na ƙwarai. Yana cikin 'ya'yan hillar na farko da suka yi karatun malanta, kuma abu ɗaya yake tsoro a duniya, wato a ce ya fifita ɗansa. Saboda haka in ya jefa tambaya yaron ya ɗaga hannu, sai idon Ustaz ya tsallake shi ya sauka kan na kusa da shi. Tun ana ɗaga hannun har aka daina. In ya zo duba rubutu kuwa, na ɗan nasa ko tsayawa ba ya yi a kai, sai ya dangwala masa maki na tsaka-tsaki, kada ya yi yawa a yi surutu, kada ya yi kaɗan uwar yaro ta ji haushi. Shi a ganinsa adalci ke nan. Ni kuwa abin haushi yake ba ni har yau, don garin neman gira ne ake shirin rasa ido.

A shekarar da yaron ya kai aji huɗu, aka aiko cewa yara uku kacal makarantar za ta tura Sinja su zauna jarrabawar shiga wusta, makarantar gaba mai ɗakin kwana. Wanda bai shiga cikin ukun ba, karatunsa ya tsaya nan, sai dai in ya maimaita ajin. Shi kuwa Abdulmuttalib, kawunsa mai gonar auduga a Jazira ya riga ya aiko cewa a tura masa shi da zarar an rufe makaranta.

Shugaban makarantar, wanda ake ce wa Nazir Abdussalami, Balarabe ne daga can arewa, kuma bai daɗe da zuwa ba. Bai ma san Ustaz Salihu yana da ɗa a ajin ba. Gyaran muryar nan ta safe ya ɗauka ciwon maƙogwaro ne, har ya taɓa kawo masa bagaruwa a takarda ya ce ya riƙa tsotsa. Da ya nemi sunaye uku, Ustaz Salihu bai ɓata lokaci ba ya ba shi Sa'idu, da Ali, da Jibirin ɗan Usmanu mai kanti.

A ƙofar makarantar, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, Hajja Hannatu mahaifiyar Ustaz Salihu take zama da farantin gyaɗa da dakuwa, tana jiran a tashi yara karin kumallo. Tsakaninta da jikan nata sai tsiya. Kullum sai ya saci gyaɗarta, kullum sai ta rantse za ta sake shi ta auri wanda ya fi shi kyau. Ran nan ya zo ya tsugunna gefenta, hannunsa bai ko nufi faranti ba.

Ta ce, "Maigida, lahiya? Yau ko sata babu?"

Ya ce, "An hidda sunaye, Habboba. Babu ni." Habboba suke ce wa kaka a can.

"Kai kana son zuwa?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Wallahi ina so. Amma wa za ni hwaɗa ma?"

Maganar nan ta soki tsohuwar. Ta dube shi, ta ga yaro ne da yake kwana gida ɗaya da malaminsa, yake wuni aji ɗaya da ubansa, amma bai da wanda zai kai wa kukansa. Ta tura masa faranti ta ce ya tsare mata, kada kuma ya cinye jarin. Ta gyara lulluɓinta ta nufi ofishin Nazir, tana tafe tana dogara sanda.

Larabcin Hajja Hannatu na kasuwa ne, amma yana kai ta inda za ta. Bayan gaisuwa ta ce ta zo ne a kan maganar jikanta, ɗan Ustaz Salihu.

Nazir ya ce, "Ustaz Salihu yana da ɗa a makarantar nan?"

"A ajinai ma. Wanda aka yi ma gyaran murya."

Nan take Nazir ya tuna bagaruwarsa. Ya ce, "To mene ne sunansa?"

Sai tsohuwa ta kai hannu ta rufe baki. Ta ce, "Ya Nazir, sunan maigidana ne, Allah shi jiƙan shi. Shina raye ban hwaɗe shi ba, balle yanzu."

Nazir ya dafe kai. Dole ya shiga jero sunayen 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, tana kallonsa, har ya zo kan wanda ta sunkuyar da kai. Nan ta buɗe baki ta shiga yabo: jikanta ya fi kowa kai a hillar, har da Abu Hujar, in ana so ma har da Sinja. Nazir ya bari ta kai aya, sannan ya ce, "Hajja, ubansa ya rage masa don kunya, ke kuma kin ƙara masa don so. Da wa zan yarda a cikinku?"

Ba ta ji daɗin maganar ba, amma ba ta iya musa ta ba. Ta ce, "To kar ka yarda da ko ɗaya. Ka nemo wasu idanu mana. Ko watan azumi ai ba a kama shi da idon mutum guda."

Bayan an tashi, Nazir ya kira Ustaz Salihu ya gaya masa abin da ya ji. Ran Ustaz ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi tun da ya fara aikin nan bai taɓa zaluntar ɗan kowa ba.

Nazir ya ce, "Na yarda. Ɗan kowa ba ka zalunta ba, sai naka. To shi ma ɗalibina ne, kuma hakkinsa yana wuyana."

"In na sa shi, mutane su ce mi?"

"Ba kai za ka sa shi ba, ba kuma ni ba. Kuma ba shi kaɗai za a sake dubawa ba. In idonka ya tsallake ɗaya, wa ya san ko nawa ya tsallake wani? Duk ajin za mu duba."

Haka kuwa aka yi. Da farko aka ba yara tambayoyin lissafi da shifta, aka hana su rubuta suna, kowa ya sa wata alama da shi da Nazir kaɗai suka sani. Aka ɗaure takardun aka bai wa direban lorin kasuwa ya kai wa wani malami a Abu Na'ama, wanda bai san ɗan kowa ba a Hillar Maliki. Kafin su dawo, Nazir ya riƙa kiran yaran ɗaya-ɗaya yana yi musu tambayoyi da baki, bayan ya tura Ustaz Salihu wani aji. Daga baya kuma wata dabara ta faɗo masa, ya ce kowane yaro ya shiga aji ɗaya ya koya wa ƙanana wani abu, don a ganinsa wanda bai gane abu ba ba zai iya koyar da shi ba.

Sa'idu dai ko ta ina aka juya shi daidai yake, kowa ya san da ma haka za a yi. Ali ya daburce a gaban Nazir har yana in'ina, amma takardarsa ta yi kyau, kuma ƙananan nan sun fahimce shi sarai, saboda haka aka bar masa wurinsa. Da a ce da baki kaɗai aka gwada shi, da ya sha ƙasa. Rigimar tana kan kujera ta uku.

Jibirin yaro ne mai hadda. In aka taɓo masa kan shafi zai zubo shi har ƙarshe ba numfashi. Amma da Nazir ya juya masa tambayar, ya ba shi amsa ya ce ya nemo inda aka faro, sai ya tsaya, ya koma ya sake ɗauko shafin daga sama. A ajin ƙanana ma haka ya yi, ya karanto musu darasi tsaf, suna kallonsa baki buɗe. Sai dai rubutunsa, tubarkalla. Malamin Abu Na'ama ya sa takardarsa cikin na gaba-gaba, ya ce shiftarsa ko ɗigo ba ta rasa ba, lissafin ne da ɗan sauƙi.

Takardar Abdulmuttalib kuwa ta ba malamin mamaki. Ya aiko cewa mai wannan alama bai kuskure lissafi ko ɗaya ba, har da na ƙarshe wanda ya kayar da kowa, amma shiftarsa kamar kaji sun yi tono. Ya ce kurakuran irin na ɗan aji biyu ne, irin waɗanda akan gyara wa yaro sau ɗaya ya daina, sai ka ce ba a taɓa duba masa rubutu ba.

A gaban Nazir, da fari yaron ko uffan bai ce ba, sai waiwayen ƙofa yake yi. Nazir ya lura, ya tashi ya ce ya raka shi lambun makaranta. Suna tafe ya tambaye shi, kamar da wasa, me ya sa ruwa yake isa kunyoyin gabas ya ƙi na yamma, kuma in za a raba shi daidai yaya za a yi. Nan bakin yaro ya buɗe. Ya yi bayani, ya tsugunna ya zana a ƙasa, ya kawo lissafin da aka koya musu a aji ya ɗora a kai, har Nazir ya gaji da tsayuwa a rana shi bai gaji ba.

Amma abin da aka daɗe ana magana a kai shi ne ranar da ya shiga ajin ƙanana. Kafin ya koya musu komai, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowa sunansa. Da ya fara darasi kuwa, kowace tambaya sai ya haɗa ta da suna. Ya kira na gaba, ya kira na tsakiya, ya taka har bencin baya ya durƙusa gaban wani ɗan mitsitsi da ba ya magana, ya kira sunansa, ya jira shi har ya amsa. Bai tsallake kowa ba. Ustaz Salihu ya zo wucewa ta bakin taga da alli a hannu, ya ji, ya tsaya. Bai shiga ba, bai kuma wuce ba sai da aka tashi.

To, ga shaidu sun rabu. Shifta ta tsaya wa Jibirin, lissafi da baki sun tsaya wa Abdulmuttalib, kuma a Sinja duka biyun za a tambaya. Nazir ya tara dattawan makaranta a rumfar ƙofar ofis da hantsi, har da liman da Usmanu mai kanti, uban Jibirin. Ya shimfiɗa musu komai yadda yake, bai ɓoye raunin kowa ba. Sannan ya ce, "Saura shaida ɗaya, kuma ita ce babba. Malamin Abu Na'ama takarda ɗaya ya gani. Ni 'yan kwanaki na yi ina kallonsu. Akwai wanda ya shekara huɗu da su. Ustaz Salihu, gaya mana abin da ka sani game da yaran nan biyu."

Ustaz Salihu ya ce a yi masa afuwa. Ya ce a kan Jibirin zai yi magana, amma ɗayan, a tambayi wani. Dattawa suka gyaɗa kai, don a wurinsu abin da ya faɗa shi ne mutunci. Har liman ya fara cewa ai a bar mutum da kunyarsa.

Sai Usmanu mai kanti ya gyara zama. Mutum ne mai son ɗansa kamar kowa, kuma ya riga ya yi wa dangi albishir har Sinja. Ya ce, "Ya Ustaz, tsaya. In kay yi shiru ɗana yat tahi, har abada za a ce kunyarka ta kai shi, ba kainai ba. Ni ban son wannan. Hwaɗi abin da kas sani. In nawa ne, in karɓa da hannu biyu. In ba nawa ne ba, shi ke nan."

Ustaz Salihu ya ƙura wa tabarma ido, kuma bai ɗago ba har ya gama.

Ya ce Jibirin yaro ne mai ƙoƙari da ladabi, shi ne ƙarami a ajin, haddarsa ta riga fahimtarsa girma. In ya tafi bana zai iya cin shifta ya faɗi a lissafi, amma in ya ƙara shekara, ba wanda zai sha gabansa.

"Ɗayan kuwa," in ji shi, "shina gama lissahi kahin kowa. In ya gama sai shi kihe allonai, don kar in gani in ji nauyi. Shi ɗauka ban sani ba. Kullum ina gani. Ranar da yad daina ɗaga hannu ma na sani." Ya ƙara da cewa, "Kuskuren shiftar nan ba nashi ne ba, nawa ne. Ban taɓa tsayawa kainai na gyara mai harafi guda ba. Cikin yaran da nat taɓa koyarwa, ban ga mai kai irin nashi ba. Allah shi ne shaidata."

Ba a taɓa jin uba ya faɗi haka a kan ɗan farinsa a Hillar Maliki ba. Wasu dattawan suka kawar da kai, kunya ta kama su a madadinsa. Ni dai a ganina ranar ce ya fi kowace rana mutunci.

Usmanu ya numfasa. Bai ji daɗi ba, kuma bai yi kamar ya ji ba. Ya ce, "Takardar Abu Na'ama ba ta san ɗan wa ne ba, kai kuma ba ka yi muna ƙarya. Shi tahi. Amma nawa, baɗi, ina son in ga an yi mai irin wanga awo."

Nazir ya ce ba Jibirin kaɗai ba, daga bana haka za a riƙa yi wa kowa. Ustaz Salihu ya yi alkawarin zai zauna da Jibirin a kan lissafi har sai ya gane shi ciki da waje. Liman ya shafa fatiha aka watse, aka kuma aika wa kawun Jazira cewa ya nemi wani mai taimako.

Washegari da safe yara suka shiga aji. Labari ya riga ya zaga hillar, saboda haka kowa ya nutsu fiye da kullum. Hajja Hannatu ta zo da wuri, ta kuma matso da farantinta kusa da taga, wai inuwar ta fi kyau a nan. Ustaz Salihu ya tsaya gaban aji ya fara kiran suna.

"Sa'idu."

"Hadir."

Ya dakata. Ya ɗaga kai zai dubi rufin ɗaki yadda ya saba, sai ya fasa, ya sauke idonsa kan bencin baya.

"Abdulmuttalib."

Ba wanda ya amsa. Yaron yana zaune yana jiran gyaran murya, don bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin ubansa ba. A waje Hajja Hannatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ustaz ya sake kira, wannan karon da ƙarfi. "Abdulmuttalib Salihu."

Yaron ya miƙe tsaye, har yana ture na kusa da shi. "Hadir, ya Ustaz."

"Ɗauko littahinka ka dawo nan gaba. Kuskurenka na da yawa, kuma Sinja ba ta jiranmu."

Ya tattaro kayansa ya taho tsakanin bencina, bakinsa har kunne. Ban taɓa ganin yaron da aka ce masa kuskurensa yana da yawa ya yi murna irin haka ba. Ustaz Salihu ya jira har ya zauna, sannan ya kira Ali.